Tsakanin Kyauta da 'Yanci: Waiwaye a Kan Tarihin Manhajojin Zane da Gyaran Hoto

1.0 Gabatarwa

Da wuya mai nazarin harshe a wannan zamani ya kammala wani aiki bai ci karo da hoto ba, ko dai taswirar karin harshe zai zana, ko tsohon rubutun hannu da ya koɗe zai fito da shi sarari, ko kuwa bangon littafi zai tsara. Irin waɗannan ayyuka, waɗanda a da sai an nemi mai zane ko ma'aikacin maɗaba'a, yanzu a kan kwamfutar tebur ake yin su ta hanyar manhajojin zane da gyaran hoto. Daga cikin manhajojin akwai na kuɗi, akwai kuma waɗanda ake samu ba tare da biyan ko kwabo ba. Wannan rukuni na biyu shi ne maƙalar ta sa a gaba.

A harshen Ingilishi kalma ɗaya ce, wato "free", ake amfani da ita wajen siffanta rukunin, alhali kuwa kalmar tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda Hausa ta raba su, wato kyauta da 'yanci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin manhajojin daga shekarun 1950 zuwa 2025, domin ta nuna cewa ɗorewar kowace daga cikinsu ta rataya ne a kan wace daga cikin ma'anonin biyu aka nufa da ita tun farko.

2.0 Mafarin Hoto a Kwamfuta

A shekarar 1957 ne Russell Kirsch da abokan aikinsa a hukumar awo ta ƙasar Amurka suka shigar da hoton wani jariri cikin kwamfuta, bayan sun rarraba shi zuwa ƙananan ɗigo 176 a tsaye da 176 a kwance. A 1963 kuma Ivan Sutherland ya gabatar da manhajar Sketchpad a cibiyar fasaha ta MIT, wadda ta ba mutum damar zana layi da da'ira a kan allon kwamfuta da wani alƙalami mai haske. Waɗannan ayyuka biyu su ne kakannin hanyoyi biyu da ake bi har yau. Hanya ta farko tana ɗaukar hoto a matsayin tarin ɗigo, kowane ɗigo da launinsa, ita ce ta dace da hoton kyamara. Hanya ta biyu tana ɗaukar zane a matsayin lissafin layuka da kusurwoyi, saboda haka ana iya faɗaɗa shi yadda ake so ba tare da ya dushe ba, ita ce ta dace da taswira da tambari.

Fasahar ta daɗe a hannun manyan cibiyoyin bincike kafin ta iso teburin mutum ɗaya. A 1984 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh tare da manhajar MacPaint wadda Bill Atkinson ya rubuta, sai dai baƙi da fari kawai take zanawa. A 1987 Thomas Knoll, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Michigan, ya fara wata ƙaramar manhaja ta nuna hoto, ɗan'uwansa John Knoll ya taya shi bunƙasa ta, har kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a watan Fabrairu na 1990 da sunan Photoshop. A 1994 aka ƙara mata dabarar falle-falle, wato a ɗora sassan hoto ɗaya bisa ɗaya kamar fallayen takarda mai shara-shara, ta yadda za a gyara kowane falle ba tare da an taɓa sauran ba. Daga nan ta zama ma'aunin da ake auna kowace manhaja ta gyaran hoto da shi. Kuɗinta kuwa a lokacin ɗaruruwan daloli ne, kuma wanda ya saya ba shi da iznin kwafa wa wani, balle ya leƙa yadda aka gina ta.

3.0 Ma'anar 'Yanci a Fagen Manhaja

Kowace manhaja tana da tushe, wato jerin umarnin da ɗan'adam ya rubuta da harshen da masana kwamfuta ke iya karantawa, kafin a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Kamfanoni kan sayar da lambobin ne su ɓoye tushen. A watan Satumba na 1983 Richard Stallman, wanda a lokacin yake aiki a MIT, ya shelanta shirin GNU da nufin gina cikakken tsarin gudanar da kwamfuta wanda tushensa zai kasance a buɗe ga kowa. A 1985 ya kafa gidauniyar da za ta riƙe shirin, a 1989 kuma aka fitar da lasisin GPL, wanda aka sabunta a 1991.

Lasisin ya tabbatar wa mai amfani da manhaja abubuwa huɗu: ya yi aiki da ita a kan duk abin da ya ga dama, ya nazarci tushenta ya sauya shi, ya raba kwafinta ga wasu, ya kuma raba wadda ya gyara. Sharaɗi ɗaya aka ɗora masa, shi ne duk abin da ya raba ya raba shi bisa wannan lasisi tare da tushensa. A iya kwatanta lamarin da burtali, wanda kowa yana da ikon bi da dabbobinsa, amma ba wanda yake da ikon katange shi ya haɗe da gonarsa. Abin lura a nan shi ne lasisin bai hana sayarwa ba. Rashin biyan kuɗi sakamako ne da ya biyo baya, tun da yake abin da kowa ke da iznin kwafa ba ya yin tsada.

Ba a daɗe ba masu harkar hoto suka ga muhimmancin wannan batu a aikace. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa duk mai rubuta manhajar da ke sarrafa hotunan GIF zai riƙa biyan kamfanin Unisys, saboda shi ke da takardar mallakar dabarar da ake matse hoton da ita. Shekaru bakwai ke nan ana amfani da tsarin a bisa zaton na kowa ne. Cikin 'yan makonni wasu masana, bisa jagorancin Thomas Boutell, suka fara tsara madadinsa, wato PNG, wanda aka amince da shi a watan Oktoba na 1996. Takardar mallakar ta Unisys ba ta ƙare a Amurka ba sai a 2003.

4.0 Haihuwar GIMP da Bunƙasarta

A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara Linux, wanda aka haɗa da kayan GNU aka sami cikakken tsarin gudanarwa mai 'yanci. Sai dai tsarin ba shi da manhajar gyaran hoto ta a-zo-a-gani. Wannan giɓi ne wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka ɗauki aniyar cikewa a 1995. Sun sanar da aikin nasu a watan Nuwamba na shekarar, sigar 0.54 kuma ta fito a farkon 1996 da sunan GIMP. Ko da yake ba ta da falle-falle a lokacin, an gina ta ta yadda kowa zai iya rubuta wata ƙaramar manhaja ya maƙala mata don ƙara mata wani aiki, wannan kuwa ya jawo mata mataimaka daga ƙasashe da dama. A wannan shekara ce Larry Ewing ya yi amfani da ita ya zana tsuntsun nan Tux, wanda ya zama tambarin Linux, zanen kuma ya zama talla gare ta.

Akwai wata matsala da ta dabaibaye sigar farko. Tagogi da maɓallan da ke fuskarta an gina su ne da wasu kaya masu suna Motif, waɗanda a lokacin na kuɗi ne, saboda haka manhaja mai 'yanci ta dogara ga abin da ba shi da 'yanci. Sai Mattis ya zauna ya rubuta nasa kayan, ya kira su GTK. Sigar 0.99 ta 1997 a kansu aka gina ta, kuma ta zo da falle-falle. A shekarar ne aka shigar da manhajar cikin shirin GNU, harafin farko na sunanta ya koma yana wakiltar GNU. Kayan GTK kuwa sun wuce inda aka nufe su da farko, domin a watan Agusta na 1997 Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan ƙasar Meziko, sun ɗauke su suka kafa shirin GNOME, wanda ya zama fuskar kwamfuta ga ɗimbin masu amfani da Linux.

Jarrabawa ta haƙiƙa ta zo ne a tsakiyar 1997, lokacin da Kimball da Mattis suka gama karatu suka kama aiki, suka bar manhajar ba ta ko kai siga ta ɗaya ba. Da a ce tushenta a rufe yake, da nan labarinta ya ƙare. Amma da yake a buɗe yake, sai Federico Mena ya karɓi riƙonta, bayansa Manish Singh, har aka fitar da sigar 1.0 a watan Yuni na 1998. Tor Lillqvist, wani ɗan Finlan, ya ɗauki nauyin sa ta yi aiki a kan Windows, wanda hakan ya kai ta ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Linux ba. Sigar 2.0 ta fito a 2004, ta 2.8 a 2012, ta 2.10 a 2018, ta 3.0 kuma a watan Maris na 2025, wato kusan shekara 28 bayan tafiyar waɗanda suka assasa ta.

5.0 Krita da Inkscape da Blender

Tun da yake lasisin ya halatta wa kowa ya ɗauki tushe ya yi nasa reshe, saɓani tsakanin masu aikin bai cika kashe manhaja ba, sau da yawa ma wata sabuwa yake haifarwa. A ƙarshen shekarun 1990 mutanen shirin KDE, wanda Matthias Ettrich na Jamus ya kafa, suka fara tasu manhajar ta hoto, wadda bayan sauya suna sau biyu ta tsaya a kan Krita, kalmar da ke nufin alli a harshen Suwidin. Ta fito ga jama'a a 2005. Wajen 2009 masu kula da ita suka yanke shawarar barin gasa da GIMP a fagen gyaran hoton kyamara, suka mai da hankali ga masu zane da burushi. Daga 2014 suka riƙa neman gudummawar jama'a don biyan ma'aikata, suna kuma sayar da ita a wasu shagunan intanet alhali tana nan kyauta a shafinta, wanda ya tabbatar da abin da aka ambata a baya cewa 'yanci bai hana ciniki ba.

Ta fuskar zanen lissafi kuwa, Lauris Kaplinski na ƙasar Istoniya ya jagoranci wata manhaja mai suna Sodipodi. A 2003 mutum huɗu daga cikin masu taya shi, ciki har da Bryce Harrington da Ted Gould, suka saɓa da shi a kan alƙiblar aikin, suka ɗauki tushen suka kafa Inkscape, suka ɗora ta kacokan a kan tsarin SVG wanda aka amince da shi a 2001. Sodipodi ta tsaya, amma aikin da aka zuba a cikinta ya ci gaba da rayuwa a Inkscape, wadda ta kai siga ta 1.0 a 2020.

Misalin da ya fi kowane fito da bambancin kalmomin biyu shi ne na Blender, manhajar ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya fara a 1994. Daga 1998 kamfaninsa na NaN ya riƙa raba ta kyauta, amma tushen na masu hannun jari ne. A farkon 2002 kamfanin ya durƙushe, masu jarin suka rufe aikin, dubban masu amfani da ita suka wayi gari da manhajar da ba mai ikon gyara ta. Roosendaal ya kafa gidauniya, ya daidaita da masu jarin a kan Yuro 100,000, jama'a kuma suka tara kuɗin cikin mako bakwai. Ranar 13 ga Oktoba, 2002 aka saki tushen bisa lasisin GPL. A iya cewa fansar ta aka yi. A watan Maris na 2025 fim ɗin Flow, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya shirya da Blender, ya ci lambar yabo ta Oscar a rukunin finafinan zane.

6.0 Makomar Kyautar da Ba 'Yanci

Idan aka juya ga ɗaya ɓangaren, za a tarar da manhajojin da aka bayar kyauta amma ikonsu ya ci gaba da zama a hannu ɗaya. Kamfanin Google ya sayi Picasa a 2004 ya mai da ita kyauta, ta sami karɓuwa ƙwarai wajen adana hotuna da yi musu ƙananan gyare-gyare. A 2016 kamfanin ya daina kula da ita, kuma ba wanda ya iya ɗorawa daga inda aka tsaya, domin tushen bai taɓa fita daga hannunsa ba. Paint.NET kuwa, wadda Rick Brewster ya fara a matsayin aikin ɗalibi a Jami'ar Jihar Washington a 2004, da tushe a buɗe ta faro, amma zuwa 2009 an rufe shi bayan wasu sun riƙa cire sunan mai ita suna rabawa a matsayin tasu. An ci gaba da ba da ita kyauta, sai dai makomarta ta koma ga ra'ayin mai ita.

A ɓangaren na kuɗi ma al'amari ya sauya. A 2013 Adobe ya sanar cewa sababbin sigogin Photoshop ba za a ƙara sayar da su baki ɗaya ba, haya za a riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da aka daina biya kuma manhajar ta rufe. A watan Oktoba na 2019 kamfanin ya sanar da masu hulɗa da shi a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Daga bisani ya sami izni ya ci gaba da hulɗa da su, amma abin ya isa ya nuna wa masu sana'ar zane a ƙasashe masu tasowa gaskiyar karin maganar nan da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara.

7.0 Naƙasu

Adalci ne a faɗi cewa 'yancin ya zo da nasa farashi, babbansa kuwa shi ne jinkiri. Mafi yawan masu gina GIMP 'yan sa-kai ne da ke aiki a lokacin hutunsu, aikin gayya kuwa ba ya tafiya da agogo. Alal misali, sigogin farko mataki 256 kawai suke bambancewa a kowane launi, alhali masana'antar fim tana bukatar mataki 65,536. Tun 1998 wasu ma'aikatan masana'antar suka yi reshen da ya iya hakan, wanda daga baya aka sa wa suna CinePaint, amma ba a shigar da aikinsu cikin uwar manhajar ba. An zaɓi a gina sabon inji mai suna GEGL, wanda aka fara a 2000, bai kuwa karɓi aikin gaba ɗaya ba sai a 2018. Haka kuma dabarar gyara launi ba tare da ɓata asalin hoto ba, wadda Photoshop ta samu a 1996, ba ta iso GIMP ba sai a 2025. Bugu da ƙari, maɗaba'a da tawada huɗu take aiki, allon kwamfuta kuwa da haske uku, kuma GIMP ta shafe shekaru ba ta biya bukatar masu ɗab'i ta wannan fuska ba, abin da ya hana ta shiga gidajen buga littattafai da yawa.

Sunan ma ya zama abin muhawara, domin a Ingilishi ya yi daidai da wata kalma ta cin fuska ga gurgu. A 2019 wasu suka yi reshe suka sa masa suna Glimpse saboda wannan dalili, amma aikin ya tsaya a 2021 don ƙarancin hannu. Wannan ya nuna cewa iznin yin reshe abu ne daban, samun jama'ar da za su raya shi kuma wani abu ne daban.

8.0 Abin da Ya Shafi Harsuna

Akwai fuskoki biyu da wannan tarihi ya taɓa masana harshe kai tsaye. Ta farko ita ce ta haruffa. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ware wa haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu, amma sai manhaja ta iya karanta lambar, kuma an sami zubin haruffan da ke ɗauke da siffar, kafin harafin ya bayyana a kan hoto. A cikin iyalin GTK ne aka haifi Pango, wanda Owen Taylor ya jagoranta, aikinsa shi ne jera rubutu na kowane harshe, har da mai tafiya daga dama zuwa hagu da mai ɗauke da alamomin karin sauti. Sunan kansa haɗin kalmar Girkanci ce mai nufin "duka" da ta Japananci mai nufin "harshe". GIMP ta koma kansa a 2004, Inkscape ma da shi take aiki. A 2005 kuma ƙungiyar SIL ta fitar da lasisin zubin haruffa mai 'yanci, ta saki irin su Gentium da Charis SIL da Doulos SIL a ƙarƙashinsa, waɗanda ke ɗauke da haruffan harsunan Afirka da na rubutun furuci.

Fuska ta biyu ita ce ta fassara. A irin waɗannan manhajoji an ware kalmomin da ke bayyana a fuskar manhaja cikin wani fayil na daban, ta yadda mai fassara zai yi aikinsa ko da bai san rubuta umarnin kwamfuta ba. Kamfani yakan duba girman kasuwa kafin ya fassara hajarsa zuwa wani harshe. A nan kuwa ba a bukatar iznin kowa, duk al'ummar da ta sami masu zama su ƙirƙiri kalmomi su daidaita su, manhajar za ta yi magana da harshenta. Ta haka ne GIMP ta fito cikin harsuna da dama, har da waɗanda masu magana da su ba su kai na Hausa ko Yarbanci ko Ibo yawa ba. Aikin ƙirƙirar kalmomin fannu kuwa aiki ne da sassan harsunan Nijeriya suka daɗe da saninsa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi diddigin manhajojin zane da gyaran hoto tun daga ɗigon Kirsch na 1957 har zuwa GIMP ta 2025. An ga cewa GIMP ta rayu bayan tafiyar waɗanda suka assasa ta, Inkscape ta gaji Sodipodi, Blender kuma ta tashi bayan mutuwar kamfaninta, duk saboda tushensu ya kasance a hannun jama'a, yayin da Picasa ta tsaya ranar da mai ita ya janye hannu. An kuma ga cewa wannan ɗorewa ta zo da jinkiri, wani lokaci na shekaru masu yawa. Dangane da haka, idan aka zo daidaita kalmomin kwamfuta cikin Hausa da sauran harsunan Nijeriya, ya kamata a guji gadon shubuhar da ke cikin kalmar Ingilishi. A kira wadda ba a biya mata kuɗi kawai "manhajar kyauta", a kira wadda tushenta yake a buɗe da iznin gyara da rabawa "manhaja mai 'yanci", domin sashen da zai ɗora taswirorinsa da hotunan rubuce-rubucensa na shekaru a kan wata manhaja yana da bukatar ya san a wane rukuni take tun kafin ya fara.